Ranar da Aka Soke Haraji

Wata Juma'a ce cikin Oktoban 1979, soja ba su daɗe da miƙa wa farar hula mulki ba. Muna tsakar gida ni da innata muna tsinkar gyaɗa, sai muka jiyo ihu da kiɗan garwa daga hanyar Wudil. Samarin garinmu ne, Rimin Ƙwarya, suke dawowa daga cin kasuwa, wasu a keke wasu a ƙasa, suna jefa huluna sama suna cewa, "An soke haraji! An soke haraji!" Mata suka ɗauki guɗa ta kan danga. Ni kuwa na zabura a tsorace, gyaɗar cinyata ta zube. Ban wuce shekara bakwai ba, kuma a sanina Haraji mutum ne. Duk bayan girbi nakan ji manya suna cewa "Haraji ya zo," sai fuskoki su canza, a ja akuya zuwa kasuwa, wani ma a neme shi a gari a rasa. Kalmar "soke" kuwa ma'ana ɗaya na san mata, tun ranar da na bi babana kara, kasuwar shanu ta Wudil, wani bijimi ya tsinke igiya ya soke dillali a ciki, aka ɗauke shi ranga-ranga jini na ɗiga. To yau ga mutane sun soke mutum, suna rawa da rana tsaka.

Kakana shi ne dagacin garin. Garin kuwa bai taka kara ya karya ba, domin in jaki ya yi kuka a gabas ana jin sa a yamma, amma yana da dagacinsa tun kaka da kakanni. A zaurenmu ake shari'ar iyakar gona, da ɓarnar shanu, da rabon ruwan fadama, a nan kuma ake karɓar haraji a kai gaba. Ba zan ce hannun Kaka bai taɓa yin nauyi a kan talaka ba, amma ni wanda na sani shi ne tsohon da yake ɓoye mini dabino cikin rawani, yana kirana Amarya, yana cewa tuwona ba ya nuna. Wasan da na fi so, ya fi mini gaɗa da carafke, shi ne jera takalman da mutane suke tuɓewa a ƙofar zaure: fade a gefe, na roba a gefe, na taya can baya. Ranar nan samarin suka tsaya a ƙofar, ba wanda ya tuɓe nasa. Ɗanlami mai gyaran keke ya ɗaga murya ya ce, "Haraji ya tafi, saura mai karɓarsa." Kaka bai ɗago kai daga carbinsa ba.

Daga nan magana ta fara yawo. A bakin rijiya, a wurin sussuka, har a makarantarmu da muke zama a gindin bishiyar maina, sai in ji ana raɗa cewa tunda ba haraji, ƙaramin gari irin namu ba ya bukatar dagaci, za a soke shi. Da sun gan ni sai su yi shiru. Tsoro ya shige ni sosai, kuma ban faɗa wa kowa ba, don ban san wanda ba ya cikin shirin ba. Na kwashe wuƙar yankan kuɓewar innata da laujen babana na cusa a ƙarƙashin rumbu, aka yi ta nema ana zargin almajirai da yaran maƙwabta. Na daina fita gaɗa. In an taso daga makaranta ko kaya ba na cirewa, sai in zauna a dokin ƙofar zaure ina leƙen hannun rigar duk wanda ya shigo. "Amarya, wannan kishi ya yi yawa, kin hana ni sakat," in ji Kaka. Wata rana na daure na ce, "Kaka, in an soke mutum, da zafi?" Ya dube ni ya ce, "Ya danganta da inda aka same shi."

Dawa ta shigo gida lokacin da wata motar hukuma ta zo, da hantsi, ina ɗauke da tulu. Mutum biyu suka fito, suka shiga zaure, ba su jima ba suka koma motarsu. Wani dattijo ya fito yana girgiza kai ya ce, "Shi ke nan, an soke shi." Na saki tulun ya fashe, na kutsa cikin manya ina kururuwa, na faɗa jikin Kaka ina ɗaga babbar rigarsa, ina shafa cikinsa da haƙarƙarinsa ina cewa, "Ina jinin? Ina jinin?" Zauren da ya yi tsit ya fashe da dariya. Innata ta ja ni ciki, tana dariya tana share hawaye, ta ce ba da wuƙa ake yi ba: an mai da garinmu unguwa ne a ƙarƙashin dagacin tsallaken rafi. Har na gama firamare yara suna kirana Ina-Jinin. Kaka kaɗai ne bai yi dariya ba.

Kowace safiya yakan naɗa rawaninsa, a shimfiɗa masa buzu, ya zauna kamar kullum. Takalman ƙofar zaure suka dinga raguwa, har ya zama na ladan ne kawai nake samu in jera. Wata rana mutum biyu da rikicin iyakar gona ya haɗa suka zo wucewa, suka ce "Ranka ya daɗe" ba tare da sun tsaya ba, suka nufi rafi. Ina kallonsa ya bi su da ido har suka ɓace. Ya fara barin tuwo, ya daina tsokanata, dabino ya ƙare a rawani. Ba zazzaɓi, ba tari, ba inda yake cewa yana masa ciwo. Ruwan shuka na fari ya sauka a kan kabarinsa.

Yanzu in na je, ɗaliban jami'a ne ke wucewa a babur ta inda zauren yake, kuma in ka ce Rimin Ƙwarya sai an nemo tsoho ya nuna maka. Na san soke haraji alheri ne ga mutane da yawa, ba na jayayya. Amma har yau in na ji rediyo ya ce an soke wani abu, sai hannuna ya tuna laushin rigar nan. Sun ce ban fahimci maganar ba. Ni dai na san an soke shi, jinin ne kawai bai fito ba.