Haƙorina da Ɗan Guduma

Maƙwabcina mai walda, wanda muke kira Guduma, hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ɗa ɗaya gare shi, ya shekara huɗu ko "baba" bai taɓa cewa ba. In yana son ruwa, sai ya ja hannunka ya ɗora a kan famfo. Kofi ma ba ya zama a hannunsa. Da uban ya kunna injin yankan ƙarfe, yaron zai toshe kunne ya dinga gwara goshi da bango. Guduma ya ce iskanci ne, ya zare bel. In uwar ta shiga tsakani, ita ma ta samu rabonta.

Duk layinmu an san ba taurin kai ba ne, amma wa zai faɗa? Tela ya gwada, ya yi sati yana ɗinki da ido ɗaya.

Ni kuwa bakina ba shi da birki. Ran nan na tarar ya ɗaga bel, yaron ya dunƙule ƙarƙashin teburin aiki. Na ce, "Guduma, ƙarfe in ka buga yana lanƙwasa. Wannan fa, duk bugun nan, kalma nawa ka ciro?"

Ban ga tahowar hannun ba. Haƙorina dai na hango a ƙasa, jini na bin wuyan rigata.

Matarsa ta tilasta masa ya kai ni asibiti, ta biyo mu da yaron. Ana ɗinke mini leɓe, yaron kuwa yana zagaye ɗakin a kan yatsun ƙafa. Nas ta kira shi, bai waiga ba. Ta ɗaga rigarsa, ta ga shatar bel.

"Kai ne uban?"

"Ni ne. Ba ya jin magana."

"Ba ya iya yin ta dai. Ɗakin ƙarshe akwai masu koya wa yara magana da riƙe abu. Ko ka kai shi yanzu, ko 'yan sanda su zo su ga bayan nan."

Ban taɓa ganin Guduma ya sunkuyar da kai ba sai ranar. Tun daga nan bel ya koma aikinsa na riƙe wando, injin kuma ya koma can bayan gida.

Bayan wasu watanni ina zaune a ƙofar shagon Guduma, yaron ya zo ya nuna bakina ya ce, "Giɓi."

Guduma ya zube ƙasa yana kuka kamar shi aka mara. Har yau da sunan nan duk layin ke kirana.