Makesun da bai da wuta

Daminar da muka yi noma arewa da rijiyar Dakoro, ɗiyata ta fari tana rarrafe. Da hantsi na ajiye ta gindin aduwa, na juya ɗaukar gora, sai na ji tana kakari. Na zura yatsa bakinta na zaƙulo wani ƙwaro baƙi, fiffike ɗaya a tsinke.

Uwar mijina ta jefar da hauya ta taho. “Hangara ce! Ke, jiƙo kanwa, da kauri.”

Hangara ƙwaro ce ta kan gero, wadda ruwanta ke tayar da bororo a fata, akuya ma in ta haɗiye ta sai wuƙa. Amma kanwar ma na san ta. Bara aka ɗura wa ɗan maƙwabta, ya yi ta zawo kwana uku, da kyar ya tashi.

Na ce, “Inna, kamar makesu ne.”

“Makesu da rana tsaka? To ina wutar tasa?”

Ta saka ƙwaron cikin ƙwarya, ta rufa zane ta leƙa. Duhu kawai.

Ni dai na san abin da na gani. Hangara wuyanta a fili yake. Wannan kansa na ɓoye ƙarƙashin wani faifai kamar malafa, jikinsa laushi, daidai da makesun dare. Tsutsotsinsu na sha gani cikin laka bakin tabki da magariba, gindinsu na ƙyalli kaɗan-kaɗan. In suka yi fiffike sai wutar ta mutu, su riƙa yawo da rana.

Sai dai ɗiyar fari ce. Ko sunanta ban faɗi, balle in yi gardama a kanta gaban suruka.

Inna ta dama kanwar da kanta. Da ta miƙo hannu, na danne ɗiyar a ƙirji.

“Lalle! Yau kunya ta tafi kiwo?”

Na ɗauko ƙwaron na murje shi a cikin damtsena, inda fata ta fi taushi.

“In bororo ya tashi, Inna, ki ɗura mata.”

Muka zauna, kokon kanwa tsakaninmu. Ina duba leɓen ɗiya, ina duba damtse. Wurin ya soma ƙaiƙayi, ban sani ba ko tsoro ne, na ƙi sosawa. Azahar ta wuce. Ɗiyar ta yi ta dalalar da miyau tana yamutsa fuska, can ta kama nono.

Da la'asar Inna ta jawo hannuna, ta shafa wurin da babban yatsa, ta sake shafawa. Sannan ta tuntsurar da kokon cikin rairayi.

“Makesu marar wuta, uwa marar kunya. Goya ta mu tafi gida.”