Buhun Takardun Malam

Yaya mutum ɗaya yake karance buhun takardun jarrabawa? Har yau ban sani ba. Jiya na tsinci jan biron Malam a aljihun tsohuwar riga, sai hawaye.

Marigayi maigidana malamin jami'a ne. Ɗalibai sun yi masa yawa, ko hutu sai ya kwaso aiki gida Sokode. Ni da ban san bihim ba, aikina danne takardu da duwatsu a gindin mangwaro. Yakan yi dariya ya ce, "Sannu da aiki, mataimakiyar farfesa!"

Allah ya ba shi hutun da bai samu ba. Ranar da ciwo ya tsananta, ɗanmu zai kai shi asibiti Dapaong, saura rabin buhu. Daga cikin mota ya nuna takardun ya ce, "Hajiya, hadari ya taso. Shigar da 'ya'yan mutane ɗaki, kada su jiƙe."