Adda Shatu Da Lamba Sittin Da Takwas

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a Roni ya san yayata Shatu, ko bai san sunanta ba. Shekara talatin ke nan tana matsar man gyaɗa a bayan gidanmu, kuma ba ta taɓa yarda a kai mata gyaɗa inji ba tare da ta tsince ta da hannunta ba. Mace ce doguwa, mai ƙarancin magana. In ta yi dariya ma sai ta rufe baki da gefen mayafi, kamar ta ari dariyar ce. Ni ne autan ɗakinmu, Ɗayyabu, mai shagon cajin waya a bakin tasha. Surutun da aka rage mata ni aka ƙara wa.

Ɗanta na fari sunansa Musaddiƙ. Ni nake faɗin sunan, ita ba ta taɓa ba. Mu jinin Fulani ne, kuma Adda ta riƙe alkunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka yaye shi mahaifiyarmu ta ɗauke shi. Adda ba ta goya shi a gaban mutane ba, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa. In dole ta yi zancensa sai ta ce "yaron naku". Shi ma Adda yake ce mata, yadda ya ji muna faɗa.

Yaron ya tashi ƙato, irin wanda in ya shigo zaure sai haske ya ragu. Ranar kasuwar Gwiwa buhu biyu yake ɗauka lokaci guda. Yana karatu a Kazaure ya ji labarin wasu masu neman manyan samari a Abuja, ya je, aka auna shi ta ko'ina, aka tafi da shi Amurka. Shekara uku ana koya masa ƙwallon ƙasar, wadda ba ta yi kama da tamu ba ko kaɗan. Ƙwallon kamar gwanda take, da hannu ake ɗaukarta, kowa da hular kwano, rabin wasan kuma ture-ture ne. Aikin Musaddiƙ shi ne ya tsaya a gaba ya tare ƙattai kada su cim ma mai jifa. A bara ne aka sa shi cikin masu buga wasan sosai, aka ba shi lamba sittin da takwas.

Wasa goma sha bakwai ake yi a kakar wasa, daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar sanyi. Ni kuwa na zama gwani a Roni. 'Yan acaɓa su cika shagona, ina yi musu bayanin dokokin da ni ma rabinsu na gane. Kawun ɗan wasa guda, har tafiyata ta canza.

Kowace Litinin da hantsi sai in tafi wurin Adda. Ba zan ce na zo nuna mata ɗanta ba, ai da ta tashi ta ba ni wuri. Sai in jingina wayar a jikin turmi, in ce wa Mairo, maƙwabciyarta da ke taya ta aiki, "Mairo, zo ki ga abin mamaki." In kunna guntayen wasan jiya, sannan in kunna saƙon murya da Musaddiƙ ya turo, yana gaida kowa da kowa, har da "mutanen gida". Adda tana gefe tana murza ƙuli, ta ba mu baya. In an gama sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mutanen naku sun ci?" In ce sun ci, ko in ce an cinye su. Ta ce, "To, madalla," ko ta ce, "Allah ya kyauta." Iyakar rabonta ke nan, kuma ni a wautata na ɗauka ya ishe ta.

A wasa na biyar wani ƙato ya faɗo masa a ƙafa, ƙashin ƙaurinsa na hagu ya karye. Aka yi masa aiki, aka ce shi da fili sai baɗi. Daga gadon asibiti ya kira ni. "Kawu, don Allah kada Adda ta ji. In na fara takawa na faɗa da bakina." Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Da zan tsaya nan, da na ce amana na riƙe. Amma ba zan yi wa kaina ado ba. Na ji daɗin roƙon nan. Ban so shagona ya watse ba, ban so a daina ce mini kawun ɗan wasa ba. Cikin hular kwano wa yake gane wani? In 'yan acaɓa suka ce ina namu, sai in dangwala yatsa a kan wani ƙato a fuskar waya in ce ga shi can. A wurin Adda kuwa ko ƙaryar ban sha wahalar yi ba. Na san ba za ta tambaya ba. Na ci gaba da zuwa ranar Litinin, ina jingina waya a turmi. Saƙon muryar ne kawai na daina kunnawa, domin babu wanda ba ya ambaton ƙafar a ciki. Ta ce sun ci, in ce sun ci. Gaskiya nake faɗa, har ina yaba wa kaina.

Kakar ta yi wa ƙungiyar kyau. Suka ci huɗu a jere, aka cinye su biyu, suka sake miƙewa. Ina can ina lissafin wa zai wuce wa, Adda tana ramewa a gabana. Zanenta ya fara zagaye ta har da saura. Mairo ta ce mini tuwon dare ma sai ta sa hannu sau biyu ta ture. Na ce sanyi ne, na sayo mata maganin ƙarin jini. Ta fara soya waina duk Juma'a tana rabawa sadaka, abin da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Na ci wainar nan har da neman ƙari.

Sau ɗaya ta matso kusa da tambaya. Bayan wasa na goma ne, ina naɗe wayar caji, ta ce, "Duk suna nan kuwa, mutanen naku?"

Na yi dariya na ce, "Adda, su fa sun fi hamsin, wa zai ƙirga?"

Ta ci gaba da juya tunkuza. Wannan amsar tawa ita ce ta fi ci mini rai har yau. Matar nan ta tattaro duk ƙarfin halinta ta miƙo mini, ni kuma na mayar da shi wasa.

Aka buga wasan ƙarshe a farkon Janairu. Sun ci goma sha ɗaya, an cinye su shida, sun samu shiga zagaye na gaba. Na shiga gidan bakina har kunne, ina kiran Mairo tun daga zaure. Adda ta ce wa Mairo ta je ta duba mata akuya a waje. Ta janye itace daga murhu. Sannan ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Ɗayyabu, na yi ta jira ka gama shiri, ka ƙi gamawa. Wasan ya ƙare yanzu. In an riga an binne shi, faɗa mini." Sannan ta ƙarasa da cewa, "Musaddiƙ nake nufi."

Shekararsa ashirin da shida, ranar na fara jin sunan a bakinta. Na zauna a kan buhun gyaɗa. Na ce, "Adda, wallahi yana da rai. Karaya ce. Wa ya ce miki..."

"Ba wanda ya ce. Kafin ya durƙusa a fara wasa yana karkaɗe ƙafar hagu sau biyu, tun yana ƙarami haka yake. Wasa goma sha biyu ban ga mai karkaɗe ƙafa ba. Muryar ma ka ɗauke. Haka aka yi mini lokacin rasuwar Baffa mahaifinmu, kwana uku ana ce mini yana samun sauƙi."

Ashe duk bayan da take ba mu, ta gefen ido take kallo. Ni da nake taƙama da lamba, ban taɓa lura da ƙafar ba.

Na buɗe wayar, na kunna saƙonnin da na tara, ɗaya bayan ɗaya. Ga shi yana cewa an cire ɗinki, ga shi yana cewa ya taka da sanda, kowanne ya ƙare da a gaida mutanen gida. Ta koma ta ba ni baya kamar kullum, sai dai kafaɗunta suna motsi. Da muryar ta ƙare na durƙusa na ce ta yafe mini, shi ne ya roƙe ni.

"Shi yaro ne," in ji ta. "Kai kuwa ka san ba zan iya tambaya ba."

Ta mayar da itacen cikin murhu, ta hura har wutar ta kama.

"Na yafe maka. Amma wata uku ina yi masa addu'ar mamata, Ɗayyabu, shi kuwa ta masu ciwo yake bukata."