Jinin da Aka Nema Kafin a Yi Mini Aiki

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Ɗalibaina suna ta tambaya, "Ina Malama ta shiga?" Ga amsarku yau.

Abin ya fara ne da jinin al'ada da ya ƙi ɗaukewa. Sai jiri ya biyo baya. Ina rubutu a allo, in ga haruffa suna rawa.

Kun san mu. Irin wannan ciwo ba a kiran sunansa. Duk wanda ya tambaya sai in ce zazzaɓi ne, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce.

Da na je asibiti, maza na tarar. Aka ce akwai likita mace guda, amma ranar Laraba kawai take zuwa. Na koma gida na jira. Laraba biyu lokaci yana ƙarewa kafin layi ya zo kaina.

A ta uku likitar ta duba ni, ta tura ni hoto da gwajin jini. Ƙari ne a mahaifa. Sai an yi aiki.

Aka ba ni gado. Maigidana yana hanyar Duwala da motar kaya, Innata tana can garin Garwa tun lokacin rikicin da aka yi a nan. A asibitin nan komai mai jinya ke yi: abinci, wanki, sayo ledar ƙarin ruwa, safar hannu, har zaren ɗinki. Ni ce mai jinyar kaina. Ina riƙe bango in tafi kantin magani.

Lokacin dubiya ya fi komai zafi. Kowane gado cike da dangi da kwanuka, ana ta hira da yaren Sango. Ni kuwa sai in juya fuska bango. Wa zai zo duba mai zazzaɓin da bai faɗi inda yake ba?

Sai likitar ta zo da sakamako. Ta kira ni yadda ake kiran malamar makaranta a nan, ta ce, "Metires, jininki ya yi ƙasa sosai. Ba zan taɓa ki ba sai danginki sun kawo jini. Su wa kika gaya wa?"

Na ce babu kowa.

Ta zauna a bakin gadon. "Ni zan iya cire ƙarin. Amma kunya ba ta cika ledar jini. Kira mutanenki."

Na daɗe riƙe da waya. Daga baya na yi wa Hajiya Ladi, maƙwabciyata mai sayar da atamfa a kasuwa, saƙon murya. Na faɗi ciwon da sunansa.

Ta kira nan take. "Ke Malama! Boko ne ya koya miki mutuwa a ɓoye? Bari in rufe shago."

Ta zo da mata daga unguwannin Kokoro da Yakite, yawancinsu iyayen ɗalibaina. Aka shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kusan rabi aka sallama, aka ce su ma jininsu bai ishe su ba. Wata ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malama, ni ma shekara guda ke nan ina fama da irin ciwon nan." Ranar na yi kuka, kuma ba don kaina ba.

Jinin ya samu. Aka yi aiki. Alhamdu lillahi, yanzu ina takawa har makaranta ba tare da na huta a hanya ba.

Likitata, singila mingi, wato na gode ƙwarai. Hajiya Ladi da matan unguwa, Allah ya biya ku da Aljanna.

'Yan'uwa mata, jini in ya wuce kwanakinsa, ku je asibiti. In namiji kuka tarar, ku shiga da 'yar rakiya, kada ku jira Laraba. Kafin a kwantar da ku, ku nemi masu ba da jini.

Ku kuma 'yan matana, masu cewa ilimin kimiyya ya yi wuya: na ga layin da ke ƙofar likitar nan. Iyayenku ne a ciki. Ita kaɗai ce, kuma ta gaji.