Ranar da Kawu Ya Daina Rabon Muƙami a Sama

Ko da zan manta sunana, ko da zan manta hanyar gidanmu a Zango, ba zan manta ranar da kawuna ya tsaya gaban Fada karo na uku yana neman baftisma ba. A Kumasi ne, shekarun da gari ya cika da hayaniyar neman mulkin kai. Ni a lokacin tela ne, ina da keken ɗinki mai ƙara kamar jirgin ƙasa ya ɓata hanya, kuma muna cikin 'yan tsirarun Kiristocin da ke zaune a tsakiyar Musulmin Zango lafiya lau.

Kawu tsohon soja ne. Ya je yaƙin Bama ya dawo da igiya uku a hannu da tari a ƙirji, ya kama aikin gadi a wani kanti a unguwar Adum. Kowa Saje yake ce masa, har matarsa, wadda muke kira Iya. Mutum ne da in ya yi atishawa kajin layinmu sai sun ƙame. Iya ta daɗe da yin baftisma, shi kuwa sai da gemu ya yi fari ya ce zai bi ta. Ya haddace addu'o'i tsaf, ya bar giya, ya bar zagin masu tuwo. Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya, wato batun Triniti: Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba wanda ya fi wani.

Kawu bai ƙi ukun ba. Tsara su ya yi irin na bariki. A wurinsa Uba Kanar ne, Ɗa Kyaftin, Ruhu Mai Tsarki kuma Samanja mai kai saƙo. Har yadda yake sara musu ya bambanta. In an ambaci Uba sai ya buga ƙafa ƙasa ta girgiza, in an zo kan Ɗa sai ya ɗan rage. Sau biyu Fada yana mayar da shi, ni kuwa farar rigar da na ɗinka masa tana rataye a shagona har gizo-gizo ya yi aure ya haihu a aljihunta.

Wannan karon ba wasa. Tarin ya yi ƙarfi, kantin ya sallame shi, kuma bayan Ista zai koma ƙauyenmu can arewa, inda ba coci ba Fada. In bai samu baftisma a wannan Istar ba, dukkanmu mun san da wuya ya sake ganin wata dama. Iya ta daina cin abinci sosai. Ni aka zaɓa in tsaya masa a matsayin uban baftisma, don haka ni na ɗauki aikin koyarwa. Na kawo misalin murhu mai duwatsu uku, ya ce dutsen baya ya fi girma. Na kawo rana da haskenta da zafinta, ya ce in rufe masa baki, shi ya sha ranar Bama.

Har maƙwabcinmu Malam, abokin dararsa, sai da ya sa baki. Ya ce, “Saje, ni ban yarda da zancen nan ba, kuma ba zan yarda ba. Amma ko ni na san ba haka mutanenku suke faɗa ba. In za ka shiga gidan mutane, ka shiga ta ƙofarsu mana.”

Kawu ya ce, “Malam, ka taɓa ganin bataliya mai Kanar uku?”

Malam ya ce, “Ni dai na ga Saje ɗaya da aka kora sau biyu.”

Ranar tambayar muka tafi mu uku da hantsi. Kawu ya saka tsohon kakinsa, ya goge lambobinsa har suna kashe ido. Fadan dattijo ne, ya yi shekaru a arewa, yana jin Hausa, sai dai mace da namiji duk “shi” ne a bakinsa. Aka zauna a barandar coci. Tambayoyin farko Kawu ya wuce su kamar fareti. Zuciyata tana ta rawa, har na fara lissafin inda zan samo ragon biki. Sai Fada ya gyara tabarau ya ce, “To Saje, Ɗan daidai yake da Uban?”

Kawu ya miƙe ya ƙame. “Fada, ba zan yi maka ƙarya don ruwa ba. Ɗan babba ne ƙwarai, amma akwai na gaba da shi.”

Na ji kamar an kifa mini tukunyar koko a ka. Fada ya ce, “Me ya sa ka ce haka?”

“An aiko shi, ya zo. Ya ji yunwa, ya gaji, ya wanke ƙafafun yaransa. Fada, na yi soja. Babba ba ya wanke ƙafar kurtu.”

Fada ya fara naɗe hannun rigarsa irin na mai shirin tashi. A nan ne Iya, wadda ba ta taɓa ɗaga murya gaban Fada ba, ta yi magana daga bencin baya.

“Saje, ba shi labarin mutumin da ya ɗaukar maka kaya a bakin kogi.”

“Wannan ba wurinsa ba ne.”

“Ka ba mu shi har kajin gida sun haddace. Yau ne ba wurinsa ba?”

Ai kuwa an taɓa inda yake so. Kawu ya manta da jarrabawa, ya gyara tsayuwa. Ya ce a dajin Bama zazzaɓi ya kama shi, ya faɗi a bakin wani kogi, akwatin harsashin da ke kansa ya tafi cikin ruwa. An riga an rubuta masa caji na laifin ɓatar da kayan yaƙi, gadurum, wato kurkukun soja, na jiransa. Sai ga wani Bature cikin koren kaki irin na kowa, ba anini ko ɗaya a kafaɗa, taɓo har gwiwa. Ya ɗauki sauran kayan Kawu ya ɗora a kansa, ya cire masa takalmi ya duba ƙafarsa da ta ruɓe, ya ce masa cajin nan an soke. Kawu ya ce a ransa, wannan wane ne da zai soke caji? Sai da suka isa sansani ya ga manyan hafsoshi suna ƙame wa mutumin. Ashe Kanar ne da kansa. A dajin nan manya cire anininsu suke yi su shiga cikin yara.

Fada ya koma ya zauna. Ya ce, “Da ya cire aninin, ya daina zama Kanar?”

“Ina! Ko tsirara yake, Kanar ne.”

“Da a ce Kyaftin ne ya ce an soke cajin da Kanar ya sa hannu fa?”

“Wane shi. Da har yau ina gadurum.”

“To Saje, laifin da mutum ya yi wa Allah, wa ya isa ya soke shi? Kuma wa ka ce ya soke naka?”

Jama'a, na ga fuskar mutum tana wayewa kamar an buɗe taga. Kawu ya dubi Iya, ya dubi gicciyen da ke jikin bango, ya ce a hankali, “In ƙarami ne, cajina yana nan.” Ya sake cewa da ƙarfi, “Amma an soke. To ba ƙarami ba ne. Anini kawai ya cire!”

Na yi tsalle har na kusa fasa rufin kwano da kaina. Sai Kawu ya ƙara da cewa, “Wato Uban ne ya sake kaya ya sauko.” Na dawo ƙasa da sauri.

Fada ya yi dariya ya ce, “A'a, nan barikinka ya ƙare. Uba Uba ne, Ɗa Ɗa ne, Ruhu Ruhu ne, ba ɗaya ne yake sake riga ba. Amma Allah ɗaya ne, kuma ba babba ba ƙarami. Ka gane?”

Kawu ya yi tunani ya ce, “Duka dai ban gane ba. Amma na daina rabon muƙami. Samanjan ma na ƙara masa girma.”

“Ni ma da furfurata ban gane duka ba,” in ji Fada. “Ka zo da farar rigarka.”

Iya ta rangaɗa guɗar da na tabbata an ji ta har unguwar Sofoline. Ranar Ista, da Fada ya zuba masa ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Kawu ya buga ƙafa sau uku, ƙarfinsu ɗaya, har kwanon ruwan ya yi rawa. Malam bai shiga coci ba, amma shi ya yanka mana ragon, ya kuma ci kusan rabinsa. Kawu ya hau mota zuwa arewa da rigar a jikinsa, kuma da ita aka binne shi kafin damina ta biyu.

Yanzu ni ma gemuna ya fara fari, kuma abin da ranar nan ta koya mini yana nan daram. In na ga wani ya sunkuya yana ɗaukar kayan da ba nasa ba, ba na saurin cewa ƙarami ne. Na koyi cewa saukowa ba ta rage girma, tun da Wanda ya fi kowa ma sai da ya cire anininsa ya shigo taɓo ya same mu.