Hausar Falmata Ba Za a Gyara Ta Ba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar matata Falmata. Ni ba marubuci ba ne, walda nake yi a unguwar Gwange cikin Maiduguri, karatuna kuma a aji biyar na firamare ya tsaya. Amma tunda babu wanda ya tuna da ita a jarida, ni zan tuna.

Littattafan soyayya take rubutawa. Uku aka buga mata tana raye, kuma duk hanyarsu ɗaya: saurayi da budurwa sun so juna a ƙaramin gari, rayuwa ta raba su, kowa ya je ya sha wuyarsa, sai bayan shekaru su dawo garin su haɗu. Garin kuwa namu ne, can gabas, inda aka haife mu mu biyu.

Ban karanta ko ɗaya ba tana da rai. A wurin aiki abokai suna tsokanata, wai Modu, wane ne wannan tsohon saurayin da matarka take ta komawa wajensa a takarda? In yi dariya a gabansu, in koma gida in ɗaure mata fuska. Ita dai abin da take cewa shi ne in karanta mana in gani. Na ƙi.

Ranar da masu bindiga suka shiga garinmu, da ƙafa muka fito. Wasu matan tukwane suka ɗauka, ita littattafan rubutunta ta ɗaure a zani. A ɗakin da ɗan'uwana ya ba mu a Gwange ta fara na huɗu. Dangi suka ce ba ta da kunya, ana jana'iza kullum ita tana rubuta soyayya. Ta ce musu ita a takardarta hanyar garinmu a buɗe take, ba shinge, ba mai tare mota, su bar ta ta riƙa zuwa gida. Ta gama shi da wata biyu hawan jini ya tafi da ita.

Bayan arba'in na kai wa wanda ya buga mata na baya, wani mutumin Kano. Ya duba, ya ce sai an yi abu biyu. A mayar da labarin wani ƙauye kusa da Kano, don ba mai sayen soyayyar garin da ake ambatonsa a rediyo da gawawwaki. Sannan a gyara Hausar, kamar yadda ya saba gyara mata ba tare da ya gaya mata ba. Abin da na ce masa ba na jarida ba ne. Na kwashe littattafaina na fita.

Ga wanda bai san mu ba, mu Barebari a harshenmu ba a raba namiji da mace a magana. Shi da ita duk kalma ɗaya ce. Shi ya sa in mun shiga Hausa muke tuntuɓe da ya da ta. Ni zaman gareji da Hausawa ya ɗan goge ni. Falmata kuwa har ta koma ga Allah, in ta gaji sai ta ce mini, ke Modu, zo ki ci abinci. Haka take magana, haka take rubutu.

Shekara biyu na yi ina karanta littafin nan, da yatsa, layi-layi, in ƙarfe ya yi sanyi a shago. Namijin da ke ciki mutum ne mai saurin fushi, ba ya gaida kowa sai an gaishe shi, yana cin abinci yana kushe shi har ya cinye. Na gane shi. Ban koma na gaya wa abokan nan nawa ba, ba su cancanta ba.

Bara na samu Malama Rifkatu, 'yar kudancin Borno, tana koyarwa da safe, da yamma tana buga takardu a kwamfuta a unguwar Lamisula. Su ma garinsu an watse. Ta karɓi aikin, na yarje mata ta riƙa daidaita ya da ta inda labari ya nuna wa ake nufi. Ta yi ta yi har shafin ƙarshe, sai ta aiko a kira ni.

A shafin, masoyan biyu suna tasha ranar kasuwa. Dukansu daga birni suka zo, kowa da jakarsa, motar komawa ta cika saura mutum ɗaya. Falmata ta rubuta: Ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya ce ba inda za shi. Nan littafin ya ƙare.

"Baba Modu, wa ya ajiye jakar, shi ko ita?" in ji Rifkatu. "Rabin ya ɗin Mama mace take nufi."

Na ce ban sani ba. Ta ce ai ni ne mijinta. Na ce mijin da bai karanta ba sai da ta mutu.

Mako guda na yi da shafin nan a aljihu. Da na buɗe littafin tun tana nan, tambaya ɗaya ce, tana yanka kuɓewa za ta ba ni amsa, ta haɗa da gori. Yanzu in na zaɓi shi, na sa mata magana a baki. In na zaɓi ita, haka. Me ya raba ni da mutumin Kano ke nan? Na koma Lamisula na ce wa Rifkatu ta bar layin yadda yake, sauran da ta gyara ma ta mayar da su.

"Baba, dariya za a yi mata fa."

"Su yi. Wanda ya san mu zai ji muryarta. Wanda bai san mu ba ya koya."

Ta harare ni, ta ce aikin wata uku na rushe mata, Allah ya isa tsakaninta da ya da ta. Amma ta mayar, ɗaya bayan ɗaya.

Nakan tambayi kaina me Falmata za ta ce da ta ga yau. 'Yan mata yanzu a waya suke karanta irin labaranta, na san wannan zai ba ta sha'awa. Wasu garuruwan an mayar da mutanensu da rakiyar sojoji, namu har yanzu ciyawa ce ke kwana a kasuwarsa. Ba na jin za ta yi kuka. Cewa za ta yi a ba ta biro.

Me ya rage nata? Kabari a nan Maiduguri, inda ba ta taɓa ɗauka gida ba. Littattafai uku da sunanta a bango amma Hausar wani a ciki. Sai wannan na huɗun, wanda shi kaɗai ne in na karanta nake jin ta a ɗakin. Allah ya jiƙanta, ya yafe mini taurin kaina na farko, na ƙin karanta littattafanta. Na biyun kam ba na neman a yafe mini shi.

Masu buga littafi biyu sun duba sun ce sai an gyara. Ranar Litinin zan rufe shago in je wajen na uku.